Nevio da Alkawarin Hannu a Aljihu

Duk wanda ya taɓa zuwa gonar gishirinmu da ke bakin teku a bayan garin Piran ya ga Nevio Bartole, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan mai malafa, wanda rana ta gasa har ya koma kalar ɓawon burodi, wanda in ka ɗaga masa hannu daga bayan igiyar da ke tsare baƙi sai ya dubi sama kamar gaisuwar daga gajimare ta fito. Ɗan kawuna ne, don haka ina da izinin faɗin abin da na ga dama a kansa. Hotonsa ya shiga ƙasashen da shi bai san Allah ya yi su ba. Wata mata ta taɓa zuwa daga Japan ta ce a kicin ɗinta yake rataye, kusa da agogo. Shi kuwa mai hoton, har ya kai shekara sittin da uku iyakar tafiyarsa Trieste, wajen likitan haƙori, kuma ana tsakiyar aikin ya sauko daga kujera ya dawo gida don ya ji iska ta juya.

Fangali shida na shanya ruwan gishiri ke hannunsa tun yana ɗan ashirin da biyu. In ka tambaye shi 'ya'yansa nawa, sai ya ɗan yi jim kafin ya ce biyu, don a zuciyarsa takwas ne, kuma biyun na gida su ne marasa jin magana.

Abin da ya fi ƙauna a duniya ba gishirin ba ne, petola ce, wato 'yar fatar gansakukar nan da muke reno a ƙasan fangali don ta raba gishiri da laka. Kaurinta bai wuce na yatsa ba. Da takalmin katako mai shafaffen ƙasa ake taka ta, a hankali, kamar mai shiga ɗakin da jariri ke barci, kuma kullum da yamma a ja manjagarar katako a kanta a tattara abin da rana ta haifa a yinin. Petolar Nevio ta girmi 'yarsa ta fari. Wani Bajamushe ya taɓa tsallake igiya da takalmin hawa dutse ya taka ta, taku ɗaya tak. Ihun da Nevio ya yi, masunta a tsakiyar teku sun ɗauka jirgi ne ke neman hanya. Har yau Bajamushen yana aiko da katin ban haƙuri duk Kirsimeti.

Abokin gabansa kuma ruwan sama. Ruwan teku yakan yi makonni yana tafiya daga wannan fangali zuwa wancan, yana shan rana yana kauri, in ruwan sama ya faɗa masa sai ya tsinke, a koma farko. Shi ya sa kowane fangali namu yake da raminsa a gefe. Da an ga hadari sai a zare katakon da ya toshe bakin magudana, ruwan mai kauri ya gangara rami ya ɓuya, in sama ta ɗauke a ɗebo shi a mayar. Zare katakon nan ya shiga jinin Nevio. Ranar auren 'yarsa, ana tsakiyar addu'a a coci aka yi tsawa, amarya ta waiga ba ta ga ubanta ba. Duk hotunan bikin, wandon kwat ɗinsa a jiƙe yake har gwiwa.

Sai dai ba shi ke gane hadarin ba, matarsa Ondina ce. Tana yanka albasa za ta leƙa taga ta ce, “Saura minti ashirin,” kuma minti ashirin ɗin ne, ka saita agogonka. Shekara talatin da takwas tana wannan aiki, ba wanda ya rataye hotonta a kicin. Duk bazara, lokacin da matan unguwa ke tafiya hutu suna dawowa da tsaraba, ita tana bakin taga tana gadin sama.

Bara gwiwarsa ta dama ta fara kuka kamar tsohuwar ƙofa. Likita ya duba ya ce aikin ya isa haka. Ana nan sai ofishin masu kula da gonar ya aiko da takarda mai gurbi biyu: in zai ci gaba da riƙe fangalinsa ya sa hannu a sama, in zai miƙa wa wani ya sa hannu a ƙasa, kafin ƙarshen Oktoba. Takardar ta yi mako biyu a kan firji, an danne ta da kwalbar zaitun.

“Tsoho, ka dai ji abin da likita ya ce,” in ji Ondina wata rana da safe.

“Likitan nan petolata ta girme shi.”

“Ran da ƙafar ta ƙi, ba petolarka ce za ta riƙe ka zuwa banɗaki ba. Ni ce.”

“Ni fa duk ran da na ga dama zan bari. Ban ga dama ba ne kawai.”

“Kai? Ko yini ɗaya ba za ka iya tsayawa kusa da aiki ka ƙyale shi ba. Ranar jana'izarka ma sai ka tashi ka gyara wa masu haƙa riƙon shebur.”

Daga nan aka ƙulla alkawarin da duk dangi suka sani. Za su yi tafiyar mako ɗaya, kamar mutane. In Nevio ya cika makon hannunsa a aljihu, bai taɓa aikin kowa ba, bai gyara wa kowa komai ba, to ta yarda yana da birki, ita da kanta za ta miƙa masa biro ya sa hannu a sama. In kuwa ya taɓa, ko da da yatsa ne, ya sa hannu a ƙasa, fangali shida su tafi.

“Baki fa?” in ji shi.

“Baki na bar maka. Wannan sai kabari.”

Ta kuma bar masa zaɓen inda za su je. Ya kwana uku yana juya 'yar takardar kamfanin bas mai kai tsofaffi yawon buɗe ido, sannan ya ɗora yatsa a kan Sicily.

Ondina ta karɓi takardar ta duba hoton da ke ƙarƙashin yatsan. “Shekara talatin da takwas ina kallon gishiri, yau za ka fitar da ni duniya, ka kai ni kallon gishiri.”

“Na wasu ne,” ya ce. “Daban yake.”

A ƙarshen Satumba suka tafi, bayan an rufe aikin shekarar a wajenmu. Kwana huɗun farko Nevio ya ba kowa mamaki. An kai su tsofaffin gine-gine marasa rufi, an kai su coci goma sha wani abu, yana biye da hannu a aljihu kamar wanda ya saci ƙwai. Famfon ɗakinsu a otal yana ɗiga, ya tsaya a gabansa yana gumi, bai taɓa ba. Teburin cin abinci yana rawa, ƙafa ɗaya ta gaza, ya ci taliyarsa yana bin farantin hagu da dama. Kafin kwana na huɗu ya huda aljihun wando biyu.

Rana ta biyar bas ya ajiye su a wata ƙaramar gonar gishiri ta gado, mai tsohon injin iska da tsibi-tsibin gishiri da aka lulluɓe da jan tayil na laka. A karo na farko a rayuwarsa Nevio Bartole ya yanki tikiti don ya ga gishiri. Aka ara masa malafa, aka tsayar da shi a bayan igiya tsakanin wata tsohuwar malamar makaranta da wani mai kyamara uku a wuya. Mai gonar, wani gajere mai tumbi da ake kira Gaspare, ya hau kan dutse ya fara yi wa Nevio bayanin cewa ruwan teku akwai gishiri a cikinsa.

Nevio bai ji ko kalma ɗaya ba. Idonsa na kan wasu ƙarti shida a cikin fangali.

“Ondina,” ya ce ƙasa-ƙasa. “Takalmin roba.”

“Na gani.”

“A cikin fangali. Da shebur. Na ƙarfe, Ondina. Ga wani can da diga.”

“Hannu, tsoho.”

Ya ƙara cusa hannun. Da yake mutanenmu na bakin teku duk suna jin Italiyanci, sai ya ɗaga murya. “Maigida, ina petolarku?”

“Ina me, kawu?”

“Abin da ke ƙarƙashin gishirin.”

“Ƙarƙashin gishiri ai gishiri ne. Ka haƙa taƙi guda, duk shi ne.”

“Sau nawa kuke kwashewa a yini?”

Gaspare ya yi dariya har tumbinsa ya taya shi. “A yini? Sau uku a shekara, in shekarar ta yi kirki. Muna barinsa ya kwanta ya yi kauri. Gishiri ba ya son a dame shi.”

“Malalata,” in ji Nevio a kunnen matarsa. Aka zagayo da ɗan gishiri a faranti kowa ya ɗanɗana. Ondina ce ta sa masa a baki, don hannu na aljihu. Ya tauna ya ce ba laifi, zai yi kyau a watsa a titi lokacin ƙanƙara.

Da rana ta take, ƙartin suka jingine shebur suka tafi gida. Gaspare ya kwashi baƙi zuwa ɗakin da ke ƙarƙashin injin iska, inda matarsa Rosalia ta jera kifi da tumatir da burodi. Nevio ya kasa ci. Ya fito ya koma bayan igiya, wajen fangali na ƙarshe, wanda ba a kwashe ba tukuna. Gaspare ya ce jibi za su shige shi, shi ne na ƙarshe a shekarar. Ruwan da ke kansa ya yi kauri har ya yi ja-ja, gishiri na kwance a ƙasa fari fat. Duk da zagin da ya yi, Nevio ya san ruwa mai kyau in ya gan shi.

Ondina ta fito da kofin kofi a hannu ta tsaya kusa da shi. Ta kurɓa, ta dubi yamma ta kan teku, ta ce da muryar yankan albasa, “Saura minti ashirin.”

Ya ɗaga kai. Hadari ne baƙi ƙirin, ya taso kamar an aiko shi da sunan wani.

“Gonar mutane ce, tsoho,” ta ce.

“Ruwan nan ya fi wata guda a rana.”

“Na sani.”

A yi masa adalci, sai da ya je bakin ƙofa ya yi kira. Baki ai an bar masa. “Maigida, hadari. Ruwanka na waje.”

Gaspare na tsakiyar labarin kakansa, ya ɗaga cokali mai yatsu. “Bar shi ya zo, kawu. Zauna ka ci kifi.”

Nevio ya dawo bakin igiya yana huci. A wajenmu mutumin da ya ga hadari ya ce a zauna a ci kifi, ko dai maye yake yi ko uwarsa ce ta mutu. Ya dubi fangalin, ya dubi katakon da ke bakin magudana, taku talatin daga inda yake, irin nasa sak, har da igiyar ja. Ya tuna fangalinsa shida, ya kira su ɗaya bayan ɗaya a zuci. Kwana biyu suka rage masa. Ya juya wa ruwan baya, ya karanta allon da ke cewa baƙi kada su wuce igiya, ya karanta shi da Italiyanci, ya karanta da Jamusancin da bai iya ba.

Ɗigon farko ya faɗo a kan malafar aro, ƙwas.

Ya sunkuya ya cire takalminsa, don shi ba ya kusantar fangali da takalmin titi ko da na maƙiyi ne. Ya miƙa wa Ondina, ta karɓa. Ya ɗaga ƙafar mai kuka ya tsallake igiya, ya bi kan kunya da gudun da likitansa zai so ya gani, ya kama igiyar katakon da hannu biyu ya fizge.

Ruwa ya kwararo da wani irin sauti mai daɗi. Nevio ya miƙe yana murmushi, ya bi magudanar da ido don ya ga ramin da ruwan zai ɓuya. Magudanar ta miƙe ta shiga wata babba. Babbar ta yi kwana ta bayan injin iska. Daga nan sai teku.

Babu rami. Duk gonar ba rami ko ɗaya.

Ya durƙusa zai mayar da katakon, ashe da yumɓu aka liƙe shi, fizgar ta tafi da rabin bakin. Ya tura katako, ruwa ya bi ta gefe. Ya tura gwiwa, ya tura malafar aro, a ƙarshe ya zauna a bakin magudanar da mazaunansa, kuma da yake Nevio ba shi da abin kirki a wajen, ruwan ya raba biyu ya wuce shi. Sannan sama ta ɓalle. Ruwa kamar da bokiti, a kan gishirin da ya fara fitowa tsirara.

Gaspare ya fito da tsumman goge baki a wuya, baƙi na biye da shi da lema. Ya daɗe yana kallon fangalinsa, yana kallon dogon tsohon da ke zaune a magudana ba takalmi. Mai kyamara uku ya yi amfani da duka ukun.

“Kawu,” in ji Gaspare a hankali, “me na yi maka?”

“Ina raminku?”

“Wane rami? Wanda za mu binne ka?”

“Ramin ɓoye ruwa. A wajenmu in hadari ya taso...”

“A wajenku ina?”

Nevio ya faɗa masa. Gaspare ya dafe kai. “Masu shara da tsintsiya kullum yamma. Na ji labarinku. Kawu, ku ba ku da abin da za ku ɓoye sai ruwa, don kun kwashe gishirin jiya. Ni gishirina na ƙasa, ruwan nan shi ne bargonsa. Ruwan sama ba shi da nauyi, a sama yake kwanciya, gobe in janye shi ta sama, na ƙasa ko atishawa bai yi ba. Ka zo tun daga ƙarshen duniya ka yaye masa bargo.”



“Shekara ashirin ina karɓar baƙi,” Gaspare ya ci gaba, yana juyawa wajen masu lema. “Sun saci gishiri a aljihu, sun faɗa ruwa, wani ya hau tsibi ya nemi aure har tayil ya karye. Ba wanda ya taɓa yi mini ɓarna irin ta mutumin da ya iya aiki.”

Kafin ruwan ya ɗauke, wajen kashi ɗaya cikin uku na gishirin ya narke ya bi ɗan'uwansa teku. Nevio da kansa ya roƙi a bar shi ya yi kwana biyun da suka rage yana taya su kwashe saura. Gaspare ya ce to, ya kawo masa takalmin roba da shebur na ƙarfe. Waɗanda suka gani sun ce ya yi minti goma sha biyar a bakin fangali, ƙafa ɗaya a sama, kafin ya iya sauke ta. Da ya taka, an ji ya ce wa ƙasa ta yi haƙuri.

Ondina kuwa kwana biyun nan a bakin teku ta yi su tare da Rosalia, ƙarƙashin lema, suna shan abin sanyi suna gulmar mazajensu. Ta shiga ruwa har wuya. Ta sayi tsaraba. Ta ce ba ta ɗaga kai ta dubi sama ko sau ɗaya ba.

Ranar da suka dawo gida, ta ɗauke kwalbar zaitun, ta shimfiɗa takardar a tebur, ta ajiye biro a kai.

“Ke kika ce saura minti ashirin,” in ji Nevio.

“Ƙarya na yi?”

“Da gangan kika faɗa.”

“Shekara talatin da takwas ina faɗa, ba ka taɓa cewa da gangan ba ne.”

“Kuma kika riƙe mini takalmi.”

“Sabon takalmi ne. In bar shi ya jiƙe?”

Ya daɗe yana kallon gurbin sama. Sannan ya sa hannu a ƙasa, ya danna biron har ya fasa takardar, ya tashi ya je ya gyara famfon kicin da ba abin da ya same shi.

Dangi sun rabu biyu a kan maganar. Wasu sun ce Ondina ta san tun farko gishiri zai zaɓa, kuma wadda ke ganin hadari saura minti ashirin ba za ta kasa ganinsa saura kwana biyar ba. In an tambaye ta sai ta ce a ƙara miya.

Fangalin shida yanzu suna hannun Tjaša Vatovec, wata mata daga Koper da ta bar aikin banki ta koyi jan manjagara, kuma hannunta ya fi na Nevio sauƙi, ko da yake ba a faɗin haka in yana kusa. Shi kuma ya yanki tikitin shekara. Kullum ƙarfe huɗu yakan shigo ta ƙofar baƙi, ya wuce shagon tsaraba, ya tsaya a bayan igiya daidai fangali na uku, hannu a aljihu, ya fara yi mata gyara da baki. Ta danna da yawa. Ta yi sauri. Wancan lungun yana son ruwa. Baƙi sun ɗauka cikin shirin yake, har wasu na tambaya ƙarfe nawa tsohon ke farawa.

Watan jiya wayarsa ta yi ƙara yana tsaye a wajen. Ya zaro hannu ɗaya ya ɗauka, ya saurara, ya mayar.

“Tjaša,” ya ce, “ba ni na faɗa ba, amma saura minti ashirin.”

“Na sani, Baba Nevio,” ta ce, ba ta ko ɗago ba. “Ni matarka ta fara kira.”

Ya duba, katako shida duk a zare, ruwa na gangarawa rami. Baƙi suka ruga shagon tsaraba. Shi ya tsaya a inda yake har ruwan ya sauko, yana ɗiga daga bakin malafa, yana gaya mata cewa katako na huɗu a karkace ta ajiye shi.